Godiya ga duk wanda ya sa hannu a ajin saƙarmu na Badariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, ranar Juma'ar da ta wuce muka rufe ajin koyon saƙar kwarashi da muka buɗe wa mata da 'yan matan unguwarmu a nan Badariya, Birnin Kebbi, washegari kuma aka raba abin da aka saƙa. Tun daga ranar wayata ba ta huta ba, ga masu sa albarka, ga masu tambayar yaushe za a sake. Bin kowa gida-gida ba zai yiwu mini ba, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan, wanda ya gani ya isar wa wanda bai gani ba.

Bayan Allah, godiyar farko ta Malama ce. Dattijuwa ce da ta yi aikin koyarwa har ta yi ritaya, saƙa kuma tun tana makarantar horon malamai mata ta iya ta. Ko kwabo ba ta karɓa ba, kuɗin kabu-kabun da muke ba ta ma sai ta mayar a ƙara a na zare. Ranar da muka je mata da maganar, abin da ke bakin yawancinmu shi ne rigar sanyin jarirai da hula da safa, irin waɗanda ake kaiwa gidan suna. Ta bari muka gama, sannan ta ce a'a, da rufin wuya za a fara, wanda ake haɗa bakinsa biyu ya zama zobe a zura ta kai. Ta ce riga tana da hannu, tana da wuya, akwai ƙari akwai ragi, sabuwar hannu kan gaji a tsakiya ta cusa a ƙasan akwati, shi ke nan ta rabu da saƙa. Rufin wuya kuwa miƙaƙƙe ne, wadda ta iya sarƙa, wato jeren madaukan zare da ake fara saƙa da shi, da saƙa iri ɗaya tak za ta kai ƙarshensa, kuma mace in ta ga abu ya fito cikakke daga hannunta, ba sai an roƙe ta ta ɗauki na biyu ba. Haka kuwa aka yi. Babu wadda ta zauna a ajin nan har ƙarshe da ba ta tashi da nata a hannu ba, kuma wannan ne ya fi komai faranta mini rai.

Tun da masu tambaya ta waya sun yi yawa, bari in faɗi yadda Malama ta bi da mu. Ta sa aka sayo zare mai ɗan kauri da kwarashi mai milimita 5 ko 6, ta hana baƙi da shuɗi mai duhu, don mai koyo ba ta ganin idon saƙa a cikinsu. Fari-fari, ruwan ƙwai, ruwan toka, su aka fara da su. Zaman farko gaba ɗaya a kan ƙullin zarge da sarƙa ya ƙare, a yi a warware, a sake yi, har hannu ya daina rawa. Sai aka shiga doguwar saƙa: a naɗa zare a kwarashi, a soka a ido, a jawo, zare uku ke nan a kan kwarashi, a naɗa a fitar ta cikin biyu, a sake naɗawa a fitar ta cikin biyun da suka rage. Da wannan kaɗai aka gama aikin. Sarƙar farko ita ce faɗin abin, santimita 20 zuwa 25. In an kai ƙarshen layi a yi sarƙa uku a juya a dawo, haka har tsawon ya kai kamar santimita 60 ga babba, 50 ga yaro, sannan a haɗa baki biyun da allura mai dakusasshen baki, a ɓoye jelar zaren a cikin saƙar.

Akwai abin da ta riƙa nanatawa har muka haddace. Da kai ake awo ba da wuya ba, don ta kai za a zura, mace mai kitso kuma sai an ƙara mata. A ƙirga ido a ƙarshen kowane layi, domin mai koyo kan tsallake na ƙarshe ba ta sani ba, sai abu ya fara da faɗi ya yi ta tsukewa kamar wuyan tulu. Maganinsa shi ne a ɗaura guntun zare mai wani launi a idon ƙarshe. Waɗanda ke matse zare har kwarashi ya ƙi shiga, ta sa sun yi sarƙar farko da kwarashin da ya fi nasu girma kaɗan. Waɗanda hannunsu ya faɗa da wuri kuma ta nuna musu saƙar zagaye, inda ake yin doguwar sarƙa a haɗa tun farko, amma sai an shimfiɗe ta a kan tabarma an bi ta da yatsa an tabbatar ba ta murɗe ba, don in ta murɗe babu gyara sai warwara.

Ba zan manta da yadda ta yi da wata yarinya bahaguwa ba. Yarinyar ta yi ta kallon 'yan uwanta tana kwaikwayo, zare na suɓuce mata, har idonta ya ciko. Malama ta taso daga kujera duk da ciwon gwiwar da take fama da shi, ta zauna a tabarma suna fuskantar juna, ta ce, "'Yata, kada ki kalli kowa, hannuna za ki kalla. Abin da damana ya yi, hagunki ya yi." Kafin a kira la'asar yarinyar ta jera layi biyu tsaf. Malama, Allah Ya saka miki da gidan Aljanna, Ya ba ki lafiya, Ya jiƙan magabata.

Muna godiya ga shugaban Islamiyyar unguwarmu da ya ba mu aji ranakun Alhamis da Juma'a da yara ba sa karatu, da mai gadin makarantar da ke share wurin ya shimfiɗa tabarmi kafin mu iso. Muna godiya ga mai unguwa da liman da suka yi wa magidanta bayani, da su magidantan da suka bar iyalinsu suka fito. Maigidana shi ya yi ta jigilar kaya, Allah Ya ƙara rufin asiri.

Sai Alhajin da muke sayen zare a shagonsa a Babbar Kasuwa. Ya ba mu kaya bashi ba tare da ya san yaushe za mu biya ba, ya kuma ba mu shawarar da ta cece mu: launi ɗaya a saya gaba ɗaya lokaci guda, domin wanda za a kawo daga baya ko da sunansu ɗaya rininsu kan bambanta, sai an haɗa a saƙa ake gani. Da nasa ya ƙare, wani direba ɗan unguwarmu ne ya ɗauko mana daga Sakkwato, bai karɓi kuɗin ɗauko ba. 'Yan uwa da suka ga sanarwa a WhatsApp da Facebook suka turo abin da ya sawwaƙa, daga Jega, Argungu, Kalgo, har da masu zama a Abuja, wasu sun ce kada a ambace su, to Allah Ya san ku. An biya Alhaji tsaf, lissafin kuma yana hannun ma'ajinmu ga duk mai son dubawa.

Wata ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarmu ta zo ta yi mana gargaɗi biyu, ina so kowa ya ji su. Na farko, kada a sa wa jariri ko ƙaramin yaron da bai iya cirewa da kansa ba, kuma kada yaro ya kwana da shi, don yana iya rufe masa hanci ko ya maƙale da wani abu. Na biyu, zaren da muke ce wa ulu a kasuwa yawancinsa ba gashin tumaki ba ne, akirilik ne, wato zaren roba, in wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne da fata. Saboda haka mai jin ɗumi ko mai hura wuta ya cire tukuna. A wanke da ruwan sanyi, a shanya a kwance kada ya saki, kuma kada a ɗora masa dutsen guga. Mun gode ƙwarai, 'yar uwa, wannan magana ba mu yi tunaninta ba sai da kika kawo.

Baƙo zai iya cewa me Kebbi za ta yi da kayan sanyi, garin da zafinsa kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Amma wanda ya taɓa fita da asuba tsakanin Disamba da Fabrairu, iskar hunturu na kaɗowa da ƙura, leɓe na fashewa, ya san amsa. Wannan ne ya sa muka raba wa waɗanda sanyin ya fi samu: almajiran tsangayar da ke kusa da mu, 'yan kabu-kabun bakin titi, da wasu dattawa masu sammako zuwa fadama aikin shinkafar rani. Wani ɗan kabu-kabu ya zura nasa, ya ja shi sama ya rufe hanci da baki, ya ce wannan ya fi ƙyallen da yake naɗawa, don babu jelar da za ta warware a kan hanya ko ta shiga ƙafar babur. Alaramma kuma da kansa ya tara yaransa ya maimaita musu maganar wuta, tun da a gefen wutar kara suke karatun dare. Allah Ya ƙara wa Alaramma daraja, mun gode da karamcin da aka yi mana.

Ku kuma ɗalibai, ban san da wane baki zan gode muku ba. Wata da goyo take zuwa, wata sai ta sauke tukunya take fitowa a guje. Inna, wadda ta girme mu duka, ta ce rabonta da riƙe zare tun tana kaɗi da mazari a ƙuruciya, amma yatsunta ba su manta ba, nata ne ya fi na kowa daidaita, kuma ita ce ta riƙa zagayawa tana gyara wa 'yan mata riƙo. Kowace ta saƙa ɗaya ta bayar sadaka kafin ta saƙa na gidanta, ba tare da an tilasta wa kowa ba. Yanzu har wasu sun fara samun masu cewa a saƙa musu su biya. Allah Ya sa wa sana'ar albarka.

Wanda muka saɓa wa a cikin hidimar nan ko muka manta ba mu ambata ba, ya yafe mana don Allah.

Malama ta ce in Allah Ya kai mu, aji na gaba hula za a yi, kuma waɗanda suka gama wannan su za su zauna da sababbi a zaman sarƙa. Masu kwarashin aro su mayar wa ma'aji kafin Alhamis. Wadda ke da ragowar zare a gida, komai ƙanƙantarsa, kada ta zubar, ta kawo, da shi sababbi za su fara koyo.

Wassalamu alaikum.