Shagon yana kan taswira, amma ƙofarsa a garƙame

Ƙannena masu koyon haɗa manhaja a nan Makka da Jidda, in aka ba ku aikin sashen da zai nuna wa mutum shagunan da ke kusa da shi, kada ku fara da taswira. Da ita muka fara, kuma nan muka ɓata lokaci. Dasa ɗigo a taswira aikin yini guda ne. Abin da ke sa a goge manhaja shi ne a tura mutum cikin zafin rana ya tarar da ƙofa a garƙame.

Kuskurenmu mafi tsada, gurbi biyu kacal muka ware a rumbun bayanai: lokacin buɗewa da na rufewa. Ɗauki mai tsiren da ke hura wuta 4 na yamma ya tashi 2 na dare. Kwamfuta za ta ga 2 bai kai 16 (wato 4 na yamma) ba, sai ta ce a rufe yake dare da rana. Ku raba shi gida biyu, 16:00 zuwa 24:00, sannan 00:00 zuwa 02:00 na washegari, kuma kowace rana ta karɓi zango fiye da ɗaya, don masu tafiya hutun rana su dawo bayan la'asar suna da yawa. Juma'a tata daban ce. Sai salla: har yanzu ƙananan shaguna da yawa suna ja ƙofa in an kira, kuma lokacin yana matsawa kullum, don haka ba a rubuta shi da hannu. Ku lissafo shi bisa tsarin Ummul Ƙura, wato jadawalin lokutan salla na Saudiyya, inda isha ke zuwa minti 90 bayan magariba, a azumi kuma minti 120. A wannan tsakanin kada allo ya ce "a rufe", ya ce "an tafi salla". Azumi kuwa jadawalinsa daban, ɗaure da watan Hijira, tunda kasuwar takan koma dare ne har wajen sahur.

Wajen bincike ma mun yi zaton mutane za su rubuta sunan shago. Ina! Hajiyar da ta shiga manhaja daddawa take nema, ko kuka, ko telan da ya iya ɗinkin atamfa, alhali abin da ke rubuce a allon shagon "Tamwinat" (kayan masarufi) ne da sunan wani. Ku ba kowane shago suna uku: na rajista, na kan allo, da wanda 'yan unguwa ke kiransa da shi, sannan jerin kayan da yake sayarwa. Kalmomi masu ma'ana ɗaya a haɗa su: tsirenmu ne mutanen Hijaz ke kira siriya, dole duka biyun su kai ga mai tukuba ɗaya. Kafin a kwatanta rubutu a daidaita shi: ƙ, ɗ, ɓ su koma k, d, b, domin ba kowace waya ke da su ba, a Larabci alif mai hamza ya koma alif tsura, ta marbuɗa ta koma ha, a cire wasulla.

Nisan miƙe yana yaudara a Makka. Shago na iya zama mita 300 daga inda kake, amma dutse ne a tsakani, sai an zaga ko an bi ramin mota. Ku tace 20 mafi kusa da nisan miƙe, sannan ku jera su da nisan tafiyar ƙafa. In da geohash kuke aiki, wato tsarin da ke raba taswira akwati-akwati, kowane da lambarsa ta haruffa, haruffa 7 akwati ne na kusan mita 150, kuma sai kun haɗa da akwatuna 8 na kewaye, in ba haka ba shagon tsallaken titi zai ɓace. Ku kuma lura GeoJSON, tsarin rubuta bayanan taswira, longitud yake sawa gaban latitud. Makka tana kan latitud 21.4 da longitud 39.8, in kuka juya su, shagon unguwar Misfala zai bayyana a ƙasar Girka.

A lungu mai dogayen gine-gine GPS yana kauce wa gaskiya. A ɗauki ɗigon a bakin ƙofa, a ƙi karɓarsa in kuskurensa ya haura mita 20, a haɗa da hoton ƙofar, da gajeren adireshin ƙasa mai haruffa 4 da lambobi 4, da kwatance irin namu: bayan masallaci, daura da mai gurasa.

Bayani yana tsufa. Rusau ɗin Jidda na 2021 da 2022 ya shafe unguwanni irin su Sabil da Karantina, duk wanda bai sabunta ba ya ci gaba da tura mutane fili fetal. Kowane shago ya ɗauki ranar da aka tabbatar da shi. Bayan kwana 90 a tura wa mai shi saƙon WhatsApp, in mutum uku suka ce shagon ya tashi, sai a ɓoye shi har a duba.

Izinin sanin wuri kuwa, a nema sai mutum ya danna "kusa da ni". Tun daga iOS 14 da Android 12 yana iya ba da wurinsa a ƙiyasce kawai, saboda haka a bar masa zaɓin unguwa da hannu. Kada ku ajiye tarihin zirga-zirgarsa ba da yardarsa ba. Dokar kare bayanan mutum ta Saudiyya ta fara aiki a 2023, kuma wurin da mutum yake yana cikin abin da take karewa.