Kafin ka kama ɗaki a Alƙahira

Duk shekara idan lokacin karatu ya ƙarato, ƙannenmu da suka samu gurbi a Azhar sukan turo min tambaya iri ɗaya: nawa ake ba da ɗaki? Tambayar da ya kamata ta riga wannan ita ce, sunan wa ke kan takardar haya? Ni sai da na ji jiki kafin na san haka.

Wanda ya zo da tallafin Azhar yana iya samun wuri a Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya, masaukin ɗaliban ƙasashen waje, ga kwana ga abinci. Amma wurin ba ya ɗaukar kowa, kuma wanda iyayensa suka turo da kuɗinsu yawanci haya zai nema. Yadda aka saba, ɗalibai biyar ko shida su haɗa kuɗi su kama shaƙƙa guda, wato sashen gida mai ɗakuna, a cikin bene, mutum ɗaya ya sa hannu a takarda, sauran su riƙa miƙa masa kasonsu. Haka na shiga. Wani babban ɗalibi ɗan garinmu, mutumin kirki, ya ce akwai gado a wajensu a unguwar Hayyul Ashir. Na ba shi kuɗin wata da kasona na ta'min, kuɗin ajiyar da mai gida ke riƙewa har ranar fita, ban karɓi ko ƙyallen takarda ba. Wa zai dubi idon yayansa ya ce rubuta min rasit?

Da ya kammala ya koma gida, sai ga mai gida wata rana da la'asar. Ya zauna a falo, muka kawo masa shayi, ya sha, sannan ya ce shi bai san mu ba, wanda ya sani ya tafi. In muna son zama, sabuwar yarjejeniya, sabon farashi, sabon ta'min. Tsohon kuwa, in ji shi, ya tafi a fenti da gyaran famfon banɗaki, famfon da tun ranar da na shigo yake ɗiga. Ba mu da hoto, ba mu da rubutu. Muka yi ta Larabcin littafi yana mayar mana da na kasuwa, har muka gaji muka biya.

Kuma doka tana bayansa. Tun dokar haya mai lamba 4 ta 1996, duk hayar da aka ƙulla a Masar abin da aka rubuta shi ne hukunci: wa'adi na cika, mai gida na iya ƙara kuɗi ko ya ce a kwashe kaya. Za ka ji labarin Bamisiren da ya shekara da shekaru yana biyan 'yan fam kaɗan, kuɗin Masar ke nan, saboda kakansa ya kama gidan tun zamanin Jamal Abdunnasir. Wannan tsohuwar haya ce, ba ta shafe ka ba, kada ka yi ciniki da ita a ranka.

Asarar kuɗin ma da sauƙi. Wuyar ta zo ne da na je sabunta iƙama, takardar izinin zama, a ofishin fasfo na Abbasiyya, inda aka mayar da aikin daga Mujamma, ginin ofisoshin gwamnati na dandalin Tahrir, a 2019. Bayan takardar makaranta, aka nemi shaidar inda nake zaune: takardar haya mai hatimin Shahrul Aƙari, ofishin da ke tabbatar da kwanan watan yarjejeniya. Ni ko sunana babu a takardar, balle hatimi. Layin da na kama tun asuba ya tashi a banza. Saboda haka kafin ka ciro ko fam ɗaya, tambayi mai gida ko ya yarda a kai takardar a buga mata hatimi. Wasu ba sa so, gudun haraji, kuma ba za su faɗa maka ba sai kuɗinka ya shiga aljihunsu. In ya fara kame-kame, yi masa sallama, gidaje ba su ƙare ba. In ku shida ne, a rubuta sunayen ku shidan da lambobin fasfo. A rubuta yawan ta'min, da tsawon wa'adi, da ƙarin shekara, wanda galibi kashi 10 cikin 100 ake sawa. In ba a rubuta ba, bakin mai gida ne ma'auni. Ka samu wanda ya daɗe a garin ya karanta maka kafin ka sa hannu, domin Larabcin takardun haya ba shi ne na Ajurumiyya ba.

Sai maganar unguwa, kuma a nan ra'ayina ya saɓa da na mutane da yawa. Sabon zuwa Hayyul Ashir ake kai shi, can cikin Madinatu Nasr, don nan 'yan'uwa suke, tare da 'yan Sudan da Somaliya da Indunusiya da Malesiya. Za ka ji Hausa a hanya, za ka ci tuwo ranar Juma'a. Amma in kulliyyarka Usuluddin ce ko Shari'a ko Luga, a Darrasa take, kusa da masallacin Azhar, kuma tafiyar safe a motar haya cikin cunkoson Alƙahira tana iya cinye awa guda. Shekarata ta farko na yi ta fashin darasin safe ina cewa gobe, har jarrabawa ta zo ta same ni. Abin da na rage a haya na biya shi a kuɗin mota da kuma darasin da ban halarta ba. Ga wanda karatun zaure ya kawo shi, wanda yake son ya zauna gaban malamai a masallacin bayan sallar asuba, Darrasa da Jamaliyya da bayan masallacin Husaini sun fi, ko da ɗakin ya fi ƙanƙanta. Ɗalibai mata kuwa makarantarsu tana Madinatu Nasr, su zama can ya fi musu, a unguwa mai haske da jama'a.

Neman masauki a gefen Azhar ba mu muka fara ba. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da kuɗi aka gina Madarasar Ibn Rashiƙ a Fusɗaɗ, kudu da Azhar, don 'yan ƙasarsu su samu wurin sauka da karatu, daga baya kuma aka ware wa Barnawa nasu ruwaƙi, wato sashen kwanan ɗalibai, a cikin masallacin Azhar. Su wakafi suka yi, mu kuwa sai dillali.

Tsohon gari yana da nasa haraji. Fatimiyyawa suka kafa Alƙahira a 969, kuma a wasu lungunan bayan Azhar sai ka rantse tun lokacin ba a taɓa bututun ruwa ba. Gine-ginen a matse suke, rana ba ta shiga hawan ƙasa, bango yana jan danshi, littafin da ka jingina da shi sai ya yi fumfuna. Ka dubi bango da silin: tsagar da ta ratsa daga sama zuwa ƙasa ba ta fenti ba ce, garin ya ga girgizar ƙasa a 1992 kuma tsofaffin gidaje ne suka fi jin ta. Ni da na tashi daga Ashir, gudun danshi ya sa na kama hawa na ƙarshe a watan Janairu, ina murna da iska da arha. Da Yuli ya zo rufin ya koma tanda, ba a barci sai an yayyafa wa katifa ruwa. Ruwan ma ba ya hawowa sai an kunna injin da ke ƙasan matakala, makullinsa kuma yana hannun wani.

Don haka ranar duba gida kada ka tsaya kallon labule. Buɗe kowane famfo ka ga ƙarfin ruwan. Kunna na'urar dumama ruwa, domin sanyin Disamba zuwa Fabrairu a gidan da babu abin ɗumi ya wuce hunturun da ka sani. Dubi mita: in ta kati ce, ka tambaya ko akwai tsohon bashi a kanta, don yana iya fita daga kuɗin da ka loda, in ta takarda ce, a nuna maka rasit na ƙarshe. Tambayi gas, na bututu ne ko na tukunya da za ka riƙa ɗaukowa zuwa hawa na biyar a kafaɗa. In gidan da kaya aka ba ka, ɗauki hoton komai da wayarka a gaban mai gida, har ƙafar kujerar da ta karye, ka tura masa a WhatsApp nan take don kwanan wata ya zauna.

Simsar, dillalin gidaje, ladansa galibi kuɗin wata guda ne ko rabi. A yanke kafin ya nuna maka ƙofa, kuma kada ka ba shi kafin alƙalami na gidan da ba ka shiga da ƙafarka ba. Bawwab kuwa, mai gadin bene, shi na raina da farko, na ɗauka ɗan abin da ake ba shi duk wata kyauta ce in an ga dama. Shi ne ke riƙe da makullin injin ruwan. Shi ya san shaƙƙar da za a bari wata mai zuwa tun simsar bai ji ba, kuma shi mai gida ke tambaya ko ɗaliban nan suna tara baƙi. Ka gaishe shi, ka biya shi a kan lokaci, ka tuna da shi da azumi.

Farashin da wani ya faɗa maka bara, ka ɗauke shi labari. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kwararo da jama'a Alƙahira, haya ta yi tsalle a unguwannin baƙi. A Maris na 2024 aka saki fam, dala ta tashi daga kusan fam 31 zuwa kusan 50 a rana ɗaya, naira ma a lokacin tana nata faɗuwar. Wasu masu gidaje, da sun ga baƙo, sai su ce a biya da dala. Ka tsaya a kan fam, a rubuta shi da lamba da kuma haruffa. Sannan ka faɗa wa mai turo maka kuɗi tun daga gida cewa watan farko kuɗin wata uku yake ci: haya, ta'min da ladan simsar, ban da katifa da bargo.