Ledar magungunan Umma

Laraba, da daddare.

Umma ta kwana da jiri, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ina sauke yara a makaranta na tari Adaidaita muka nufi ƙaramin asibitin kuɗi da ke bayan layinmu, wurin likitan da ke duba gidanmu tun Baba yana raye. Da na kira shi, abu ɗaya ya ce: in zo da duk maganin da take sha, har wanda ba shi ya rubuta ba. Na kwashe na kan durowa da na ƙarƙashin filo na zuba a leda.

Wurin kati aka fara samun matsala. Yarinyar ta daɗe tana birkita fayiloli, ta miƙo ɗaya muka shiga. Likita ya buɗe, ya dubi Umma, ya ce, "Hajiya, shekarunki nawa?" Fayil ɗin wata ce mai suna irin nata, 'yar shekara talatin da wani abu, mai juna biyu ma. Bai yi faɗa a gabanmu ba, amma na ji yana ce wa yarinyar daga yau ta riƙa haɗawa da lambar kati da shekaru. Abin ya tsaya min a rai, don a garin nan masu suna ɗaya ba sa ƙirguwa.

Nas ta riga ta auna jinin tun muna shigowa, Umma na haki, ta saman hannun riga. Shi kuwa ya bar ta ta huta minti biyar, ya sa ta naɗe hannu, ya sake awo. Jinin ya yi ƙasa sosai. Sai ya zazzage ledar a kan tebur yana jera kwalaye. Ya ɗaga guda biyu, ɗaya fari ɗaya shuɗi, sunan kamfani daban, ya nuna min ƙananan rubutun ƙasa: dukansu amlodipine ne, maganin hawan jini, miligiram 10. Ɗaya shi ya rubuta, ɗayan ɗan ƙanwarta ya sayo a kemis, wai ya fi ƙarfi. Ashe kullum tana shan 20, alhali 10 ce iyaka a yini. Ga jirin, ga kumburin. Sai kuma diclofenac na ciwon gwiwa da take haɗiya kamar gyaɗa, wanda ke taɓa ƙoda da ciki, musamman ga tsofaffi masu hawan jini. Mai kemis na unguwa, a doka, ba shi da hurumin sayar da maganin hawan jini, amma wa zai hana?

Umma dai ta zo da nata hukuncin. "Likita, maleriya ce da taifot, ka sa min ƙarin ruwa kawai." Ya ce, "Ranki ya daɗe, bari jini ya yi magana." Aka ɓare sabon tsinken huda a gabanmu, aka ɗiga jini a ɗan katakon gwaji, aka jefa tsinken a kwalin nan mai ruwan ɗorawa. Bayan kwata, layi ɗaya ya fito: babu maleriya. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da maganinta. Gwajin Widal na taifot kuwa ya ƙi yi, ya ce ba zazzaɓi a jikinta, kuma gwajin yakan nuna taifot ga mai lafiya ƙalau. Da ya ga dama ya rataya mata ruwa leda biyu ya caje mu, da godiya za mu tafi.

Ban ce wurin ba shi da aibu ba. Famfon ɗakin likita a bushe yake, da ruwan goge hannu na kwalba yake amfani. Banɗaki kuwa kada a tona. Takardar rajistar da ke bango ta kode, na kasa karanta shekarar. A tagar magani aka zuba ƙwayoyi a 'yar ambulan ba suna, sai zane ɗaya da safe. Na ce a rubuta sunan da ƙarfinsa. Ta ɗan ɓata rai, ta rubuta. Sanin abin da ake ba ka yana cikin haƙƙoƙin majinyaci da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018, kuma ƙwaya marar suna ita ke sa a je kemis a ninka ta.

Ya rage maganin, ya hana diclofenac, ya ba da farasitamol da takardar gwajin ƙoda, mu dawo bayan mako biyu da fayil ɗinmu na gaskiya. Bayan magariba na ji Umma a waya tana gaya wa Gwaggo wai likitan ya tsufa, ya karɓi kuɗi ko allura bai yi mata ba, sai ma rage mata magani da ya yi. Shuɗin kwalin na jakata, don na san za ta neme shi. Ɗan ƙanwar tata kuma bai ɗaga kirana ba tukuna.