Wa Zai Iya Zama da Wa a Tankin Murjani

Daga Sakkwato zuwa bakin teku tafiya ce mai nisa, don haka duk kifin ruwan gishirin da zai shigo tankina sai ya biyo ta Legas cikin leda mai iskar oksijin. Wanda ya zo ya zo ke nan, babu mayarwa. Shi ya sa kafin in tura ko sisi na yi wa kowace halitta tambaya uku: me take ci, ina girmanta zai tsaya, kuma wane gefe na tankin za ta ce nata ne.

Tankin mai lita 200 ne. Na haɗa tataccen ruwa da gishirin teku na kiwo har ma'aunin gishirin ruwa ya nuna 1.025, na jera duwatsu, na bar shi ba kifi sai da amoniya da naitirait, gubar da ke kashe kifi, suka sauka zuwa sifili. Bakteriya ke wannan aikin, yakan ci makonni, kuma ba a yi musu gaggawa.

Tambayar abinci ita ta fi korar masu neman shiga. Kifin tiriga da talibamban teku, kyau kam ba a magana, amma jatan lande da katantanwa kalacinsu ne. Yawancin manyan anjel da kifin malam-buɗe-littafi kuwa murjanin kansa, wato halittar teku mai rai da ke manne da dutse, suke gutsura. Kifin mandarin ba mafaɗaci ba ne, sai dai abincinsa wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne da ke hayayyafa cikin duwatsun tsohon tanki. A sabon tanki yunwa ce ajalinsa. Shuɗin tang yana kai santimita 30, lita 200 ta yi masa kaɗan.

Masu sanyin hali na fara sakawa, don su kama wuri tun kafin mafaɗata su iso. Gobi mai gadi da jatan lande mai bindiga su ne na farko, kuma har yau su na fi kallo. Jatan landen ba ya gani sosai, shi ke haƙa rami a yashi yana ta kwasar ƙasa. Gobin yana bakin ramin yana zare ido. Duk fitowar da jatan landen zai yi, gashin bakinsa guda na jikin gobin; da gobin ya kaɗa jela, sai su faɗa ramin tare. Kamar makaho da ɗan jagora, sai dai a nan makahon ne mai gida. Yayana da ya leƙo ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "To ƙanena, wannan kifin da ba a ci, ribarsa ke nan?" Na ce, "Ita ke nan, Yaya."

Bayansu kilawun guda biyu suka shigo, masu ruwan lemo da farin zane uku. Na nemi ɗaya ya fi ɗaya girma da gangan, domin a jinsinsu babban ne ke rikiɗewa ya zama mace, ƙaramin ya tsaya namiji. Idan girmansu ɗaya sai an gwabza kafin a san na gaba. Mai sayarwa ya yi ta tallata min damsil, wai ga arha ga juriya. Gaskiya ya faɗa, amma damsil da ya riga kowa shiga yakan ɗauki tankin gaba ɗaya nasa ne. Na bar masa abinsa.

Ma'aikatan shara, wato ƙaguwa da katantanwa masu share dattin tanki, ma suna da tasu rigimar. Ƙaguwar da ke zama cikin ƙwanso tana kashe katantanwa don ta gaji gidanta, sai na zuba mata ƙwansuna marasa kowa masu girma daban-daban. Katantanwar Trochus na zaɓa saboda tana iya juyowa da kanta in ta faɗi rigingine. Maganin farin ƙurajen kifi da ake haɗawa da jan ƙarfe kuwa guba ne ga jatan lande da katantanwa da murjani, don haka sabon kifi yana fara zama a wani ƙaramin tanki daban, a can ake masa magani in ta kama.

Sai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai: zafi. Murjani na son digiri 25 zuwa 26, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai, ga ɗauke wuta, shi ya sa kifina ba su kai adadin da tankin zai iya ɗauka ba. Famfon da ke motsa ruwa yana kan batirin sola, ɗakin na da na'urar sanyaya, fanka kuma na hura saman ruwan. Fankar na ƙafar da ruwa da sauri, gishiri kuwa ba ya tashi, don haka da tataccen ruwa marar gishiri nake cikewa kullum. Jatan lande ba ya jure hawa da saukar gishiri kamar kifi.

Anemoni, halittar teku mai kama da fure da kilawun ke fakewa a cikinta, ban saka ba. Kilawun ba ya buƙatarta dole, kuma idan ta mutu cikin dare babu wuta tana iya ɓata ruwan duka. Murjani mai laushi na tsaya a kai, irin su mai kama da lema da zowantid, shi ma zowantid ɗin da safar hannu nake taɓa shi, don wasu nau'o'insa na ɗauke da dafi mai ƙarfi.