Inuwar bangon lungu

Yau na ga wani zanen fenti na wani lungu a cikin birnin Kano, wajen Kasuwar Kurmi, na kasa wucewa. Akwai yarinya mai tallar fura, ga wani dattijo a kan dakali bakin zaure, amma bangon ne ya riƙe ni. Mai zanen ya san ginin tubali. Bai shafa masa launi ɗaya ba: ya fara da ruwan ƙasa mai haske, ya bari ya bushe, sannan ya bi da ja-ja a gindin bango inda damshi ke kamawa. Ƙarƙashin indararo ya ja siririn layi mai duhu, wurin da ruwan damina ya zaizaye yaɓen. Inuwar zankwaye kuwa da shuɗi ya gauraya ta. Nan masu koyo ke yin kuskure, su zuba baƙi zalla, sai bangon ya mutu, ya koma kamar siminti.

Tsawon inuwar kaɗai ya gaya mini la'asar ce sakaliya. Na tsaya ina tunanin irin waɗannan gidajen nawa suka rage da ba a rushe an sa bulo ba.