Ga ƙannena masu son aikin ba da shawara kan ruwa da shara

Da yawanku da kuka gama karatun injiniya, ko ilimin ƙasa, ko tsara birane, hankalinku ya karkata ga kamfanonin da ke ba gwamnati da ƙungiyoyin agaji shawara kan ayyukan raya ƙasa. Ina goyon bayanku, domin aiki ne da ake bukata. Mai kuɗin gina burtsatse sau da yawa bai san inda zai haƙa ba, bai san nawa aikin zai ci ba, shi ya sa yake neman wanda zai auna, ya lissafa, ya rubuta masa rahoto. Tun 1992 dokar ƙasar nan ta wajabta a binciki illar da babban aiki zai yi wa muhalli kafin a fara shi. A 2015 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa, na shidansu ruwa ne da tsafta. Saboda haka ƙofa a buɗe take. Abin da nake so in gaya muku shi ne inda ni na yi tuntuɓe bayan na shiga.

Kano tana da matatun ruwa a Challawa da Tamburawa da Watari, ga madatsar Tiga da aka kammala tun 1974. Duk da haka kowa ya san cewa a unguwanni da yawa wanda yake kai ruwa ƙofar gida ɗan garuwa ne, da kurarsa da jarkokinsa. Ni ma na san haka, a garin na tashi. Amma ranar da aka ba ni aikin tsara burtsatse mai amfani da hasken rana a wata unguwa da ke gefen gari, sai na ajiye abin da na sani a gida, na ɗauki abin da na karanta kawai.

Ta ɓangaren awo ban yi sakaci ba. Ƙarƙashin Kano dutse ne mai tauri, ruwan yana maƙale ne a inda dutsen ya tsage ko ya ruɓe, shi ya sa za ka ga an samu ruwa a wannan layi, an haƙa a na bayansa an tashi a tutar babu. Muka auna ƙasa da na'ura, muka dace da wuri mai ruwa. Aka kafa tanki, aka jera faifan sola, aka sa kawunan famfo. Matsalar tana wajen mutanen da na tambaya. Na ɗauki takardar tambayoyina na zauna da magidanta a ƙofar masallaci bayan la'asar, suka amsa mini cikin mutunci. Sai dai babu ko ɗaya a cikinsu da yake wanke-wanke ko wankin kayan yara. Matan da suka san jarka nawa gida yake sha a yini suna cikin gida, ni kuma ban zo da mace ko ɗaya da za ta yi sallama ta shiga ba. 'Yan garuwa kuwa, a rahotona na rubuta su a jerin matsalolin da aikin zai kawar.

Na kuma ba da shawarar a bar ruwan kyauta, don a ganina taimako ke nan. Mai unguwa ya ba da sunaye, aka ce an kafa kwamiti, aka yi hoto. Ban tambayi wa zai riƙe kuɗin gyara ba, tunda babu ma kuɗin da za a riƙe. Da injin da ke cikin rijiyar ya ƙone, kwamiti ya rubuta wasiƙa zuwa ga waɗanda suka ba da aikin, su kuwa sun rufe littafinsu sun tafi. Da na koma unguwar na tarar an cire kawunan famfon, awaki na kwance a inuwar tankin, yara kuma sun koma bin kura.

Can gaba kaɗan akwai wani bawan Allah da ya haƙa tasa burtsatsen yana sayar wa 'yan garuwa. Tasa ba ta kwana biyu a lalace, domin kowace jarka da aka cika akwai abin da ke shiga aljihunsa, kuma in ta tsaya cefanen gidansa ne ya tsaya. Na zauna kan benci kusa da layin kurori, na ce da wani dattijo a cikinsu, "Baba, da an tambaye ku tun farko, me za ku ce?" Ya ce, "Injiniya, ai da ka ba mu famfo biyu a gefe mu riƙa biya, da kuɗinmu kaɗai ya ishe ku gyara." Sannan ya lissafa mini rijiyoyin yankin ɗaya bayan ɗaya: wadda take ƙafewa da bazara, wadda ruwanta yake da zartsi, wadda mata ba sa son ruwanta don ba ya kumfa da sabulu. Abin da na kwashe lokaci ina nema da na'ura, rabinsa yana kan wannan dattijo, ban ko gaishe shi ba a zuwan farko.

Don haka kafin ku rubuta layi ɗaya, ku nemi waɗanda suke yin aikin tun kafin a turo ku. Ku tafi da abokiyar aiki mace. Ku rubuta ƙarara nawa za a riƙa biya, a hannun wa kuɗin zai zauna, wa zai duba littafinsa, wane makaniki za a kira, kuma ko ana samun kayan gyaran injin a kasuwa nan cikin gari. In marayu da gajiyayyu ne damuwarku, kuma ya kamata su zama damuwarku, a ware musu jarkokinsu kyauta a cikin lissafin, sauran jama'a su biya ɗan abin da ba zai gagare su ba.

A harkar shara ma irin wannan kuskuren na maimaita. Na tsara wa wata ƙungiya shiri mai kwanduna kala-kala, wannan na roba, wannan na takarda, wannan na ragowar abinci, irin wanda na gani a littattafan ƙasashen waje. Alhali rarraba shara ana yin sa a Kano kullum. Ɗan jari-bola da buhunsa da ɗan maganaɗisunsa ya san ƙarfe daga alminiyum, ya san tagulla ta fi su daraja, ya san robar bokiti daban, robar lemo daban. Yana kai wa mai sikeli, mai sikeli ya tara ya kai wa masu injin niƙa roba, a wanke a shanya, daga nan ta wuce masana'antu ta dawo mana a buta da baho da silifa. Manoman kewayen birni kuma sun daɗe suna ɗibar takin bola suna zubawa a gona. Hukumar kula da shara ta jihar Kano, wato REMASAB, tana kwashewa da motocinta, amma wannan sarƙa ta masu tsinta da masu awo ita ce take mayar da shara kuɗi.

Da na fara da su, da na ga inda giɓin yake. Ledar ruwa da baƙar leda ba su da nauyi a sikeli, ba kowa ke wahalar tsintarsu ba, su ne suke toshe kwata a watan Agusta, su ne kuma suke lalata takin da manomi yake saye. Yaran da ke tonon bola ba su da safar hannu ko takalmi, kwalba da allura suna yankarsu. Akwai kuma ƙorafin jama'a cewa wasu ɓata-gari suna fakewa da sana'ar suna sata, abin da rajista da katin shaida za su rage. Nan ne mai ba da shawara yake da amfani: fili na tarawa, injin matse leda don ta yi nauyin da za a saya, sikelin da ba a tauye awo, da hanyar da ƙananan yara za su koma makaranta manya su riƙe aikin. In kun zo lissafin ayyukan yi da shirinku zai samar, ku lissafa har da waɗanda zai raba da abincinsu. Ni ban yi ba.

Sai maganar sa hannu, wadda ta fi ci mini rai. An taɓa matsa mini a kai burtsatse ƙofar gidan wani mai faɗa a ji, wurin kuma kusa yake da masai. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu. Ban yi ƙarya a rahoton ba, amma na sassauta lafazi, na tura gargaɗin can shafukan ƙarshe inda na san ba mai karantawa, don kada a hana ni aiki na gaba. Yara ne za su sha ruwan nan. Haka abin yake in an ba ku binciken ruwan da majemu ke saki daga Sharada ko Challawa ko Bompai: abin da gwaji ya nuna shi za ku rubuta, a shafin farko, ko da wanda ya biya ku zai ɓata rai.

In kuna tsara yarjejeniyar aiki, ku nemi a sa kuɗin komawa wurin bayan shekara, kuma a sa komawar ta faɗo a watan Afrilu, lokacin da ruwan ƙasa ya yi nisa kuma injin yake shan wahala. Wasu masu aikin za su yarda, wasu za su ce babu shi a kasafi. In sun ƙi, ku hau adaidaita sahu da kuɗinku ku je, ku buɗe famfon da hannunku, ku nemi a nuna muku littafin kuɗin gyara.