Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙwayar Ranar Talata

Makon jiya mun tsaya inda likitan Yamai ya faɗi sunan ciwon Yaya: sikilerodami, garkuwar jiki ce ke juyowa kan mai ita har fata ta ƙandare. A unguwar Birni ta Damagaram kuwa tuni an yanke hukunci. Masu ganin dabbare-dabbaren wuyanta suka ce kuturta, dangin mijinta suka ce sammu. Baba Malam, Allah ya jiƙansa, ya dubi ledar farmasi ya ce: "Maganin da ke cikin kwalla bai san kana ciwo ba."

Omefrazol na miligiram 20, maganin ƙwannafi, ake fara sha, rabin awa kafin karin kumallo, a zaune, da ruwa kofi cike, don maƙoshin mai wannan ciwo ba ya tura abu da ƙarfi, ƙwaya kan maƙale. Da azumi sai a mai da shi kafin sahur. Nifedifin kuma na yatsu ne. Wanda ya san ruwan randa da asubar hunturun Damagaram ya san abin da nake nufi: yatsu su yi fari, su koma shuɗi, gyambo ya biyo baya. Yakan sa ciwon kai da kumburin ƙafa, a nan ne mata ke tura shi cikin kwalla. Likita ake gaya wa ya rage ko ya canza.

Metotirezat, mai danne garkuwar jikin, shi ne mai haɗarin. Sau 1 a mako, rana guda tsayayya. Ta Yaya Talata ce, folik asid kuma Laraba. Wanda ya sha shi kullum bakinsa zai yi gyambo, jininsa ya ragu, ana rasa rai a haka. Ba a haɗa shi da Bactrim, maganin ƙwayoyin cuta, mai ciki ko mai neman ciki ba ta shansa, awon jini da hanta kuma ba fashi. Sai an yi watanni kafin a ga amfaninsa, haƙurin nan ne ya gagari gidan.

Ƙanwar mijin Yaya ce ta sayo mata dekisametazon, wani kortizon mai ƙarfi na rage kumburi, wajen mai tebur, wai "Yaya, ki gwada wannan, na likita ba ya komai." Cikin mako 2 gaɓɓai suka saki, kumatu suka ciko, gida ya ɗauki murna, ledar likita ta koma kwalla. Kortizon mai yawa shi ne abokin gabar ƙodar mai wannan ciwo. Ko firedinisolon ne, daga miligiram 15 a rana likitoci kan fara tsoro. Ciwon kai ya zo wa Yaya, gani ya dushe, fitsari ya ragu, tansiyo, wato hawan jini, ya haura 19. Kaftofiril, maganin hawan jini, shi ne Allah ya sa ya ceto ƙodar, kortizon ɗin ma a hankali aka janye shi, don ba a yanke shi rana ɗaya.

Bayan shekaru, a wajen suna a unguwar Zengo, na ji ƙanwar mijin nan tana cewa ita ce ta sa Yaya ta yi jiki. Ban tanka ba, maganar Baba Malam ce ta faɗo mini, don da hannuna na zaro ledar nan daga kwalla ta uku, ƙwayar Talata 6 ba a taɓa ba. Tun daga ranar abin awon tansiyo yake rataye a ɗakinta, babbar 'yarta na rubuta lambar a littafi kowace safiya.